Sojan da Ya Fi Kaka Tsawo

Zuwa ga Gwaggona,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Bayan haka, na je gidan adana tsofaffin takardu kamar yadda na yi miki alkawari. Kwana uku ina atishawa saboda ƙura. A na huɗu ma'aikaciyar wurin ta sauko mini da wani kwali ɗaure da zare, sai ga sunan Kaka cikin rundunar 'yan sa-kai ta zamanin Turawa, da lambarsa da komai. Ihun da na yi sai da mai gadi ya leƙo.

Sai dai akwai abin da ya ɗaure mini kai. Takardar likita ta ce tsawonsa ƙafa shida da inci biyu. Gwaggo, Kakan da na sani sai ya taka benci yake ɗauko almakashi a saman kabad. Ko yaƙi yana rage wa mutum tsawo?

Ƙarshen wata zan kai wa mai ɗab'i littafin tarihin gidanmu, ba na so in buga ƙarya. Ke kaɗai kika rage cikin 'ya'yansa. Ki taimake ni.

Ɗanki,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan da halinta. Kai dai tun kana rarrafe ba a ɓoye maka abu.

To, saurara. Babana bai je yaƙi ba. Ya dai kai kansa an rubuta sunansa, ya dawo shagon ɗinki yana ta cika baki. Saura kwana biyar tafiya, Inna ta gaya masa tana da ciki. Ya zauna kan keken ɗinki ya kasa taka shi. Yayansa, Baffa Dogo, wanda lokacin bai yi aure ba, ya karɓi takardar kiran ya ce, "Zauna ka ga ɗanka. Su Turawan nan ba sa bambance mu." Da aka kira sunan Baba, shi ya amsa. Shekara huɗu yana amsawa.

Cikin nan ni ce.

Labaran yaƙin da Baba yake ba ku, duk na Baffa ne. Yana bayarwa, Baffa yana gefe yana gyara masa: "A'a, ba a kogin ka faɗa ba, a rami ne." Mu yi ta dariya har da hawaye.

Ka rubuta gaskiya. Amma fa ka fara neman izinin 'yar Baffa, malamar asibitin nan da ta yi ritaya. Ni da ita shekara goma sha tara ba ma magana, kada ka ce ni na aiko ka.

Allah ya yi maka albarka.
Gwaggonka

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na je. Ta karanta takardar likitan sau biyu, ta cire tabarau ta goge. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wasiƙun da mahaifinta ya aiko daga fagen fama. A kowace akwai tambaya ɗaya: "Jaririyar ta fara tafiya? Ta yi haƙori? Ku ce mata Baffanta yana nan zuwa."

Ta ba ni izini, da sharaɗi guda: ita za ta kawo miki wasiƙun da hannunta. Ki yafe ni, na riga na ce mata ke kika aiko ni. Tana tafe ran Asabar.

Ɗanki mai laifi,
Auta

Auta,

Ja'iri. Ta zo.

Mun karanta wasiƙun, mun yi kuka, mun wanke fuska. Daga nan muka zauna mu warware tsohuwar rigimarmu, sai muka tarar ba wadda ta tuna a kan me aka yi ta. Duk da haka ta ce ni ce da laifi. Na bar mata, tunda baƙuwa ce.

Kwana biyu ta ce za ta yi. Yau kwananta tara, har ta sa an sauya wa kujeruna wuri. In za ka zo, ka taho da katifa, ɗakinka ya tafi.

Tana gaishe ka.
Gwaggonka