Katin Ubale

Keffi, 6 ga Fabrairu, 1983

Zuwa ga ƙanena Zailani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Inna tana gaishe ka, ta ce tun Sallah ba ta ga rubutunka ba, wai ko kwamfutar nan taka ta haɗiye maka biro ne.

Abin da ya sa na rubuto, direbobin Kaduna sun cika tasha da zancen wai masaƙarku za ta sallami mutane. Ubale ya zo hutun ƙarshen wata, kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Na tambaye shi, ya ce ba komai. Shekara goma sha huɗu ina zaune da mutumin nan, na san “ba komai” ɗinsa. Kai kana ofis cikin sanyi, shi yana gaban injin saƙa, amma ma'aikata ɗaya kuke. Ka faɗa mini gaskiya, yara biyar ne a gabana.

Ka gaishe mini da abokinka Gamaliel. Duk ranar da na wuce ta asibiti sai na tuna watannin da ya yi nan yana jinyar matarsa Filomina, ina kai musu kunu, har Allah ya karɓi abarsa.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Zulaihatu

Kaduna, 15 ga Fabrairu, 1983

Zuwa ga Yaya Zulai,

Gaisuwa da girmamawa. Ki ba Inna haƙuri, biro yana nan, lokaci ne babu.

Maganar gaskiya ce, amma ta tsaya tsakaninmu. Mutum arba'in za a sallama. Kowane ma'aikaci yana da kati mai huji-huji, a jikinsa akwai sunansa da lambarsa da kwanakin da ya yi fashin aiki. Aikina shi ne rubuta wa kwamfuta umarni. Manaja ya ce in rubuta wanda zai karanta katunan duka, ya fitar da arba'in ɗin da suka fi kowa fashi a bara. Gamaliel aka fara ba aikin, ya ce shi zuciyarsa ba za ta iya ba, aka miƙo mini, na karɓa da hannu biyu.

Kada ki ga laifina. Tunda aka fara zancen kora, kowa neman inda zai dafe yake yi. Ni dabarata ita ce in zama wanda ba a iya aiki sai da shi. Na daina rubuta bayanin abin da nake yi, komai yana kaina, in sun kore ni su zauna suna kallon inji. Gamaliel dariya yake yi mini. Shi ne ya koya mini aikin nan tun ban san inda ake kunna injin ba, kuma har yanzu kallon ɗalibi yake yi mini. Ya ce ɓoye ilimi ba ya tsare kowa, gara in koyi yaren sababbin injunan da ake shigowa da su, in sun kore ni nan in sami wurin zuwa. Kullum bayan an tashi yana zaune da littafi. Na ce masa ya yi ta karatu, ni dai na san ba a korar wanda ke fitar da sunaye.

Game da Ubale ban sani ba tukuna. Ki yi ta addu'a.

Naki, Zailani

Keffi, 21 ga Fabrairu, 1983

Zailani,

Ina gaishe ka. Na karanta takardarka sau uku, ban ga inda ka kwantar mini da hankali ba.

Ka san bara Ubale ya yi fashi da yawa. Ya zo girbi a Agwada da mahaifinsa ya kwanta, ya kuma zo da ƙyanda ta kama yara. Wannan injin naka zai san haka? Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na gane abu ɗaya: ka ce kati yake karantawa. To, katin da bai gani ba fa?

Ban taɓa roƙonka komai ba. Ni na goya ka, ni na wanke maka kashi, ni na raka ka tasha ranar da za ka tafi makaranta kana kuka kamar an yi mutuwa. Yau na roƙe ka. Kati ɗaya ne cikin ɗaruruwa, wa zai ƙirga?

Wassalam.
Zulaihatu

Kaduna, 9 ga Maris, 1983

Yaya Zulai,

Bayan gaisuwa. Ubale yana nan a kan aikinsa. Ki yi murna in za ki iya, ni dai ba zan iya ba.

Da na sa katunan karo na farko, sunansa ya fito na talatin da bakwai. Na yayyaga takardar, na nemo katinsa na sa a aljihu, na sake kunna inji. Da sabuwar takarda ta fito, sunan Ubale kawai idona yake nema. Ban gan shi ba, na naɗe, na sa a ambulan, na kai wa manaja. Wallahi ban karanta har ƙasa ba.

Abin da na manta, ni da na rubuta umarnin da hannuna, shi ne arba'in aka ce wa inji, kuma arba'in zai bayar. Ka cire ɗaya, na arba'in da ɗaya ya hau. Ranar Litinin aka liƙa takardar a bakin ƙofa. Suna na ƙarshe Gamaliel ne.

Na ɗauka hutun jinyar Filomina duk da izini ne. Ashe wata ɗaya aka ba shi, sauran kwanakin da ya zauna a gefen gadonta an rubuta masa su fashi. Da ban taɓa komai ba, da ya tsira, don shi ne na arba'in da ɗaya.

Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya dawo ofis ya ci gaba da jera katuna a ma'ajiyarsu. Da zai tafi ya dafa ni ya ce, “Kada ka damu, Zailani. Inji ba ya son kai.” Na kasa ɗaga kai in dube shi.

Sau biyu na kai ƙofar manaja na dawo. In na faɗa, ni da Ubale za mu fita tare, kuma ban da tabbacin za a mayar da Gamaliel. Yanzu ni kaɗai ne a ɗakin kwamfuta, an ce ma za a ƙara mini girma. Abin da nake nema kenan tun farko, ga shi na samu.

Ki ƙone wannan takarda.

Zailani

Keffi, 27 ga Maris, 1983

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina kuma neman gafarar Allah, ni da kai.

Gamaliel ya dawo. Ya kai 'ya'yansa mata biyu Panda wurin kakarsu, shi kuma kullum yana bin motocin da ke kai siminti Abuja, wai ko wani kamfanin gine-gine yana neman mai aikin kwamfuta. Har yanzu shiru. Shekaranjiya ya shigo gida da doya guda uku, ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce mini ya yi murna da Ubale ya tsira, don gidan da ya tsaya musu lokacin Filomina bai kamata ya shiga wahala ba. Na shiga ɗaki kawo masa ruwa, na daɗe ban fito ba.

Ni na sa ka, na sani. Amma in aka mayar da ni ranar, ban san ko zan fasa roƙonka ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ubale bai san komai ba, yana ta godiya ga Allah.

Ya bar maka takarda, ga ta na haɗa.

Yayarka, Zulaihatu

Keffi, 25 ga Maris, 1983

Zailani,

Ina gaishe ka, da fatan aiki yana tafiya.

Ranar da na jera katunan nan, na bi lambobinsu ɗaya bayan ɗaya, don ina so in ga yadda aka yi na faɗa ciki. Daga ɗari shida da sha ɗaya sai ɗari shida da sha uku. Na duba rajista, na ga mai lambar da ta ɓace.

Ban faɗa wa kowa ba, kuma ba zan faɗa ba. Da ka zo ka gaya mini, da wataƙila ni da kaina na ce ka bar shi haka. Kwana huɗu muna ɗaki ɗaya ina jira, ba ka ce komai ba.

Ka mayar da katin kafin ƙarshen wata, in ba haka ba za a lura. Ina yi maka addu'a, amma kada ka rubuto mini tukuna.

Gamaliel