Ciyawar da Babu Akuyar Ci

Zuwa ga jikana Sada, ragon mijina,

Gaisuwa mai yawa. Ya babarka da mutanen Bunkure? An dasa tumatir?

Ni lafiya lau, sai ɗan haki. Kawunka Datti ya ajiye ni a bayan garin Landan, unguwa tsaf, shiru. Mutanen nan ciyawa suke yi wa ban-ruwa, ta girma su aske su zubar, ko akuya babu. Ni da nake zagin kwaɗin kanal ɗinmu na noman rani, yau kukansu nake nema.

Likita ya ce zuciyata ba za ta ɗauki wahalar jirgin komawa gida ba. Datti yakan ce, "Sai kin warware, Inna," amma ba ya kallon idona.

To angona, nemi wata matar. Ka daina share mini ɗaki.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka,
Tambaya