Hannun Yahya a Kan Tuwo

Zuwa ga Yaya Jimmai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna?

Mu nan Greensboro lafiya lau, kada ki sa komai a ranki. Har yanzu ina jinyar tsohuwar nan ta garin Pleasant Garden, Misis Tillman, mutuniyar kirki. Da yake ba ni da mai riƙe mini Yahya, can yake wuni tare da ni.

Rannan ina kai ta asibiti, na ga duk kwanar da muka sha akwai coci. Na ce, "Mama, mabiyan Annabi Isa na farko, da suke 'yan tsiraru, sun san abin zai kai haka?"

Ta ce, "Anya kuwa. Da yawansu tashin duniya suke jira. Abinci kawai suke ci tare a gidaje, yara suna kallo."

Shekaranjiya na zuba tuwo, na ce wa Yahya ya yi bisimilla. Sai ya kamo hannuna, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido, yadda Misis Tillman take yi in za ta yi addu'ar cin abinci. Babu wanda ya koya masa. Kallo kawai ya yi.

Ban gaya wa babansa ba, don aikin nan ne ke riƙe da mu. Ki tambayi Inna, in na turo shi da rani, za ta iya riƙe shi?

Ki sa mu a addu'a, Yaya. Har ya gama ya buɗe ido, ban janye hannuna ba.

Ƙanwarki,
Daso