Gidanmu a Cikin Jan Yanki

Gardaya, farkon Satumba

Zuwa ga maigidana Bakir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya kanti, yaya ciniki, yaya ƙirjinka da damshin Annaba? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Har yanzu muna gidan lambu, zafi bai bar mu mun koma cikin gari ba. Dabino ya fara ja, mahaifinka Baba Hammu kullum yana gindinsa yana ɗaga kai kamar mai neman jinjirin wata.

Na rubuto ne don a waya ba na sakewa. Ka san Baba: in na ce ya sha magani kunnensa ba ya ji, amma da ka kira sai ya jiyo har abin da ban faɗa ba.

Labarin da ka ji gaskiya ne. Ma'aikatan hukuma sun zo da taswira, sun auna tun daga bakin kwari, suka ce duk layinmu ya faɗa cikin jan yanki, wato inda ruwa zai bi in kwarin ya cika ya tumbatsa. Ba su ce mu tashi ba. Sun dai ce kada a ƙara gini, kuma kowa ya yi wa gidansa inshora. Baba ya ce wa injiniyan, "Ɗana, sai da kuka je jami'a kuka gano ruwa gangare yake bi? Akuyata ma ta sani." Shi kuwa ya ce, "To Baba, akuyar ta yi inshora?" Ina bayan ƙofa na toshe bakina da mayafi.

Washegari wani Si Lakdar ya zo daga kamfanin inshora, muka yi magana ta bayan labule. Mutum ne mai haƙuri. Ya ce za su karɓi gidan, amma a ɗaga mitar lantarki sama, kuma shawararsa kada kowa ya kwana a ƙasa daga yanzu har sanyi ya shiga. Baba ya ba shi shayi, ya raka shi har ƙofa, ya dawo ya ce caca ce da Ubangiji, ba zai sa hannu ba. Ɗakinsa na ƙasa kuwa, inda marigayiya mahaifiyarka ta yi zamanta, ya ce sai dai gawarsa ta bar shi.

Ka ce mu sayar mu sayi ɗaki a sababbin benayen kan tudu. Don Allah kada ka yi gaggawa. Na je can gaisuwar haihuwa, ko inuwar da kaza za ta fake babu. Amma ba zan ɓoye maka ba, ni ma ina tsoro. Duk lokacin da na wuce bangon masallaci na ga shatin ruwan shekarar da aka kawo ni gidanku, sai gabana ya faɗi. Ka ba ni lokaci da Baba.

Ka riƙa rufe ƙirjinka da safe. Ka gaida abokan kasuwa.

Matarka,
Faffa

Gardaya, ƙarshen Satumba

Zuwa ga maigidana Bakir,

Sallama da gaisuwa irin ta masu kewa. Ina fatan tarin ya sake ka. Yadin da ka aiko ya iso, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Mu duk lafiya.

Albishirinka, Baba ya sa hannu. Ba dabarata ba ce ni kaɗai. Na fara ce masa abin kamar aikin gayya ne, kowa ya kawo kaɗan, wanda bangonsa ya faɗi a tashe masa. Ya ce a gayya yana ganin fuskar wanda ya taimaka, kuma ana cin kuskus a ƙarshe. Sai ga Nanna maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya. Ka san su, ɗan mace da 'yar namiji, tun suna yara ba sa raga wa juna. Ta saurara, ta ce, "Hammu, kai da kake kulle akuya da kwaɗo har ka sa dutse a bayan ƙofa, yau kai ne sarkin tawakkali? Faɗi gaskiya, kuɗin ne ba ka son fitarwa." Ya ce, "Ni? Ni ne marowaci?" Kafin la'asar ya aika a kira Si Lakdar, ya biya daga aljihunsa, ya hana ni taɓa abin da ka aiko. Nanna ta ɗauki rariyarta ta fita tana dariya. Ita ma ɗanta ya yi mata tata inshorar.

Maganar ɗaki kuwa ban ƙara tayar da ita ba. Na dai sa an kwance masaƙata an kai ta bene, na ce haske ya fi a can. Na haɗa da butar shayi, da murhu, da rediyo. Baba ya zauna a ƙasa shi kaɗai, ina kai masa shayi ya huce a hanya. Ya daure kwana kaɗan. Ranar Juma'a sai na ji sandarsa a matakala, ya ce ya zo duba ko rufin yana yoyo. Rufin da rabonsa da ruwa tun bara! Ya duba har barci ya ɗauke shi a kan dardumar da ban gama ba. Yanzu nan yake kwana, nan yake ƙailula, yana kushe min launi: wai ja ya yi yawa, ko hukuma nake yi wa taswira.

Gadonsa da akwatin mahaifiyarka suna ƙasa, ya ce kada a taɓa. Na bar su. Ba a cin nasara duka a rana ɗaya.

Ina jin daɗin zaman benen, Bakir. Da yamma iska tana shigowa da ƙamshin na'ana'a, ina saƙa yana ba ni labarin ƙuruciyarka. Ashe kai ne ka faɗa rijiyar liman?

Allah ya tsare min kai.

Taka,
Faffa

Gardaya, tsakiyar Oktoba

Zuwa ga maigidana Bakir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da zuciya mai cike da godiya ga Allah. Yaya jikinka, yaya hankalinka? Na san ka kwana biyu ba ka runtsa ba kafin waya ta dawo. Na ce maka lafiya muke, ga yadda aka yi.

Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba ran nan. A can saman kwari aka yi ruwan. Bayan azahar muka ji bindigar gargaɗi ta masu gadin kwari daga kan hasumiya, sannan ihu daga gona zuwa gona: kwari ya taso! Na juya ban ga Baba ba. Na same shi a bangon lambu, yana fama da dutsen da ke toshe kafar ruwa, wai dabino ya sha rabonsa. Na ce, "Baba, don girman Allah!" Ya ce, "Kama nan, 'yar nan, surutu ba ya ɗaga dutse." Na kama, muka ture shi, na ja hannunsa. Muna kan matakala ruwan ya banko ƙofa, ja wur, da ƙara kamar jirgin ƙasa. Nanna ta tsallako ta rufin ɗaki da kajinta a zane. Akuyar tun kafin mu ta hau.

Ruwan ya kai ƙirjin mutum a tsakar gida. Muna kallo daga sama bangon ɗakin Baba ya jiƙe, ya kumbura, ya kife a kan gadonsa. Daidai lokacin ƙailularsa ne. Sai Baba ya ce, "Faffa, ɗora shayi." Na ɗora, na zuba masa, na zauna kusa da shi har ya shanye.

Akwatin mahaifiyarka mun tono shi da ruwa ya janye. Tufafin sun lalace, amma mundayenta da turmin jan ƙarfe suna nan. Baba ya wanke su da kansa, ya hau da su bene.

Jiya Si Lakdar ya zo, wando a naɗe har gwiwa. Ya duba bangon da ƙofar da firij, ya ce za a biya, sai dai a yi haƙuri, gidajen da yawa. Dabinon da ya zube ba ya ciki. Baba bai damu ba, ya ja shi lambu ya nuna masa: rijiya ta cika har ana taɓa ruwan da hannu, ga laka baƙa mai taushi ta kwanta a gindin kowace bishiya, irin wadda ba a saye a kasuwa. Ya ce, "Ɗana, ina da tambaya. Kun ce za ku biya abin da ruwa ya ɗauka. To abin da ya kawo fa, ku za mu biya?" Si Lakdar ya yi dariya har ya jingina da bishiya, ya ce babu gurbin wannan a aikinsu. Baba ya ce to a gaya wa masu kamfanin su aiko da kwando baɗi.

Za a tashi bangon da dutse, ɗakin ya zama na ajiyar itace. Baba da bakinsa ya faɗa.

Ka taho, Bakir, akwai laka mai jiran shebur, kuma sauran dabinon ya isa yanka. Maganar sayarwa ba zan ce komai ba. Ka zo ka tsaya a lambun nan da safe, ka shaƙi ƙamshin ƙasar, sannan ka faɗe ta da bakinka in za ka iya.

Baba yana sa maka albarka. Nanna ta ce ka taho mata da sabon zane, kaji sun ɓata nata. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka mai jiranka,
Faffa