Kindirmon Gidan Ladi

Daren Laraba, Sandamu

Yau ma maƙwabciyata Ladi ta aiko mana da ƙwaryar kindirmo. Tun da mijinta ya fara yi wa shanunsu allurar ƙara nono, kullum ƙwaryarta a cike take, mu kuwa saniyarmu da ƙyar take cika kwano. Har tafiyar Ladin ta canja.

Malamin dabbobi ya ce wa maigidana kada mu kuskura. Wai allurar tana kumbura hantsa, ruwan ciwo ya riƙa bin nonon. Ni ma na ga hantsar saniyarsu guda ta yi suntum.

Hafsatuna ta tsaya a kan ƙwaryar tana lashe baki. Ta ce, "Inna, na gidan Gwaggo Ladi ya fi namu daɗi." Maganar nan ta soke ni.

Ba a mayar da kyautar maƙwabci, nono kuma ba abin zubarwa ba ne. Sai na aiki Hafsatu gidan kakarta, na zauna bayan rumbu na shanye shi tas. In da cuta a ciki, ta tsaya a cikina.

Abin da ya hana ni barci shi ne, yarinyar ba ta yi ƙarya ba.