Tayoyin da Baba Alhaji Ya Saya

Tudun Gawo, ta Zango
Farkon damina

Zuwa ga Yaya Siddiƙa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ina rubuto miki ne saboda har yanzu ba mu da sabis a ƙauye, sai mutum ya fito Zango. Usman direba zai kawo miki takardar nan ranar kasuwa.

Ruwa ya sauka sosai a wajenmu, gero ya yi kyau, amma hankalina ba a kwance yake ba. Kin san yadda sanyin damina yake tayar wa ƴarki ciwon sikilarta. Shekaranjiya ta wuni tana riƙe da gwiwa, uwarta Haulatu tana gasa mata. Ya lafa, amma idanunta sun fara yin rawaya.

Fadamar da ke tsakaninmu da titi ta cika da laka. Ƴan acaɓa sun ce ba mai shigo da babur ɗinsa sai kaka, amalanke kuma nutsewa take yi. Idan ciwon ya tashi da gaske, ba abin da zai kai ta asibitin Zango sai kekena mai giya, in ɗaure ta a kariyar da ke bayansa. To tayoyinsa sun suɗe, ko a raɓa santsi suke yi.

Don Allah ki shiga kasuwar Daura wajen masu kayan keke ki sayo mini guda biyu. Ki lura da kyau. Siririyar taya nake so, mai dogayen haƙora waɗanda suke nesa da juna. Ita ce take yanka laka ta taɓa ƙasa mai tauri, kuma tana juyawa tana zubar da abin da ta kwasa. Kada ki yarda su ba ki mai faɗi komai kyanta a ido. Kuɗin suna hannun Usman.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Yazid

*

Daura

Yazidu,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, muna lafiya. Allah ya ba Raihana sauƙi. Ni dai zan kira sunanta, kai ka ci gaba da kunyar ƴar fari.

Yanzu ka gyara zama ka ji abin da ya faru. Na je kasuwa, na samu irin tayar da ka ce, har mai shagon ya sauko da ita ina ƙirga haƙora kamar mai sayen akuya. Sai na ji sallama a bayana. Surukinka ne, Alhaji Audi, ya taso daga kara, wajen cinikin dabbobi. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce me ya kawo ni cikin ƙarafa. Ni da bakina da ba ya riƙe magana, na kwashe duka na faɗa masa.

Ya ɗauki tayar ya juya ta, ya ce, "Wannan ƴar tsigilar za a ɗora mini amaryata a kai? Ina raye?" Ka san yadda yake tsokanar jikar tasa. Ya sa aka sauko da wata ƙatuwa, faɗinta ya kusa na babur, haƙora cunkus kamar masara. Na ce, "Baba, cewa ya yi siririya." Ya yi dariya ya ce ai yaron nan kawaici gare shi, ba ya son ya ɗora wa kowa nauyi, shi ya sa ya zaɓi ƙarama. Mai shagon kuwa ya ga babban ciniki, har rantsuwa yake yi cewa ba kamarta.

Ya hana ni biya. Ya ce kyauta ce daga kaka, kuma da kansa zai kawo maka Zango ranar kasuwa tunda dama yana zuwa sayen tumaki. Na bar shi saboda ba zan yi musu da dattijo a tsakiyar kasuwa ba, amma na dawo gida ina cizon yatsa. Idan ba ta yi maka ba, ka faɗa masa tun da wuri. Mutum ne mai sauƙin kai, kai ne kake mayar da shi dodo.

Ga kuɗinka nan na mayar wa Usman. Ka gaida Haulatu.

Yayarka,
Siddiƙa

*

Tudun Gawo

Zuwa ga Baba Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da fatan Baba yana cikin ƙoshin lafiya tare da su Hajiya da dukkan mutanen gida.

Na rubuto ne in ƙara godiya, domin a kasuwa cikin jama'a ban iya faɗin abin da ke raina ba. Tayoyi sun iso gida lafiya, duk ƙauye an zo an gani. Yarinya ta yi murna, ta ce a faɗa wa angonta ta yafe masa kuɗin cefanen bana. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma da arziki, ya jiƙan magabata.

Naku mai biyayya,
Yazid

*

Tudun Gawo

Yaya Siddiƙa,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Ke kaɗai zan iya faɗa wa wannan.

Baba Alhaji bai tsaya a miƙo mini tayoyin ba. Sai da ya kira mai faci a nan kasuwa, aka cire tsofaffin, aka saka sababbin a gabansa, abokan cinikinsa suna kewaye suna sa albarka. Yana ta bubbuga tayar yana cewa, "Ku duba motar asibitin jikata." Ta yaya zan buɗe baki a wurin?

A kan titi da cikin yashi ba laifi, kamar kana kan katifa. Amma ina shiga fadama abin da nake tsoro ya faru. Lakar wajenmu mai danƙo ce, irin ta ginin tukunya. Ta cike tsakanin haƙoran nan, tayar ta koma sumul. Ga faɗinta ya cinye sararin da ke tsakaninta da ƙarfen keken, sai laka ta taru a wurin ta daskare, ƙafar ta daina juyawa gaba ɗaya. Na sauka na ƙwaƙule da kara, na ɗan taɓa tafiya, ta sake cushewa. Daga ƙarshe a kafaɗa na saɓo shi. Ni kaɗai ke nan, ba yarinya a baya.

Kowace ranar kasuwa yana jirana a bakin kara don ya ga keken. Shi ya sa kafin in hau titi nake tsayawa a kududdufi in wanke shi tas, in wanke ƙafafuna. Ya gan shi yana ƙyalli ya ce, "Ka gani ko? Ko taɓo ba ya kama ta." In ce, "Haka ne, Baba."

Na gwada yi wa Haulatu maganar. Ta ce ita ba za ta iya kallon idon mahaifinta ta ce kyautarsa ba ta yi ba, kuma idan ya ga an cire, zai ɗauka raini ne. Ban ga laifinta ba.

Ƴarki tana nan, yau da sauƙi gobe babu. Ki sa mu a addu'a.

Yazid

*

Daura

Yazidu,

Amin wa alaikumus salam. Na karanta takardarka, raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo.

Wato kai wanke keke kake yi a kududdufi don kada dattijo ya ga laka? Sannu da aiki! Kunyar suruki aka ce ka ji, mu ma muna jin ta, amma ba a ce ka rufe masa ido ba. Mutumin nan bai taɓa taka fadamarku da damina ba. Abin da ka nuna masa shi ya sani. Kana tsammanin tayar ce ta dame shi? Jikarsa yake so, ita ya saya wa.

Na so in je gidansa da kaina in faɗa masa. Maigidan ya hana ni, ya ce ba hurumina ba ne in shiga tsakanin mutum da surukinsa, zan iya ɓata abin da ba zan iya gyarawa ba. Na haƙura, amma ban haƙura duka ba. Na koma shagon nan na sayo siraran da ka ce tun farko, suna wajen Usman a cikin buhu, ba mai gani. Ka saka su ranar da suka iso. Idan Alhaji ya tambaya, ka ce ni ce, ka ce yayarka mai taurin kai ce ta matsa. Na yarda ya yi fushi da ni har Babbar Salla.

Tsoro nake ji, Yazidu. Watan Agusta ne ke tafe, kuma ka fi ni sanin abin da ya yi mata bara.

Ka shafa mini kanta.

Siddiƙa

*

Tudun Gawo

Yaya,

Salamu alaikum. Saƙo ya iso, Allah ya bar zumunci. Na saka su na gwada, sun ratsa fadama ban sauke ƙafa ba sai a wuri ɗaya.

Na samu dabarar da za ta raba gardama. Duk mako siraran ne a kan keken. Idan jajibirin kasuwa ya zo, sai in ari famfon iska na maƙwabcina Hussaini in mayar da na Baba Alhaji, in je ya gani, in na dawo in sake canzawa. Wahala ce kaɗan, amma ba wanda ransa zai ɓaci. Kada ki yi mini faɗa. Damina ta kusa rabi, in an yi kaka sai in bar nasa a kai gaba ɗaya, dama sun fi daɗi a yashi.

Haulatu tana gaishe ki.

Yazid

*

Zango

Yaya Siddiƙa,

Salamu alaikum. Kin tambaye ni a ƙofar asibiti yadda aka yi muka makara, na kasa ba ki amsa saboda Baba Alhaji yana tsaye. Ga amsar.

Ranar kasuwa ce. Tun jajibiri na mayar da manyan tayoyin. Aka kwana ana ruwa. Da hantsi ina shirin fita, sai ƴarki ta ce kanta yana sara, kafin a jima ta fara kuka da ƙirji, numfashinta yana sama sama. Na ruga gidan Hussaini neman famfo, ya tafi gona ya kulle ɗakinsa. Siraran suna rataye a bango ina kallon su. In na cire waɗannan ba ni da abin ba su iska. Na ce bari in gwada, wataƙila Allah ya taimake ni.

Haulatu ta ɗaure mini ita a kariya da zane, ta biyo mu a ƙafa. Ba mu kai tsakiyar fadama ba ƙafar baya ta cushe. Na ƙwaƙule da yatsuna, na tura, ta gaba ma ta tsaya. Na kwance ta na goya ta, na bar keken a wurin. Lakar tana kama ni har gwiwa, in zaro wannan ƙafa waccan ta nutse. Tana ta magana a bayana, tana cewa in yi sauri. Can sai na ji maganar ta canza, kamar ta cika baki da abinci. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai numfashi.

Rana ta take sosai kafin mu hau titi. Sauran kin gani da idonki. An ƙara mata jini, ta rayu, alhamdu lillahi. Amma hannun dama da ƙafar ba sa motsi, bakin ya karkace, har yau ba ta ce uffan ba. Likita bai yi mini maganar lokacin da muka ɓata a hanya ba, ni ma ban tambaye shi ba, don ba zan iya jin amsar ba.

Baba Alhaji kullum yana nan. Ya zauna a bakin gadon yana tsokanar ta, ita kuma sai kallo. Jiya ya dafa kafaɗata ya ce in gode wa Allah da akwai tayoyi masu ƙarfi, da ba don su ba da abin ya fi haka. Na ce, "Haka ne, Baba." Ya tambayi inda keken yake, na ce yana fadama, sai ƙasa ta sha iska zan ɗauko.

Ba na iya barci, Yaya. Kada ki ce kin faɗa mini, na sani.

Yazid

*

Daura

Malam Yazidu,

Assalamu alaikum. Ina yi mana jaje baki ɗaya, Allah ya tashi kafaɗarta.

Jiya ban shigo asibiti ba saboda na tafi ɗauko maka kekenka, na ga kana da abin da ya fi shi. Na tuɓe takalmi na shiga fadamar. Na same shi. Na tura, ya ƙi. Na share lakar da hannuna na sake turawa, ban yi nisa ba ya sake tsayawa. Har la'asar ina abu ɗaya. Wani maƙwabcinka da ya taya ni fito da shi ya ce ai haka kake fama duk ranar kasuwa, kuma akwai wasu tayoyin a ɗakinka.

Ban iya zuwa na dube ka ba, shi ya sa na rubuto. Na ba ka ƴata ban ji ɗar ba. Kana gaishe ni a durƙushe, ina jin daɗi, ina cewa na yi dacen suruki.

Ɗana, me na taɓa yi maka da ka kasa faɗa mini?

Wassalam.
Audi