Kada a Toshe wa Tsohon Ɗakin Haihuwarmu Iska

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Raya Garinmu, da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Yaya jama'a, yaya haƙuri da mu? Allah ya taya ka riƙo.

Ni ce Hajiya Asabe, tsohuwar unguwarzoma, wadda ta yi aiki a tsohon ɗakin haihuwa na bayan kasuwa tun tana amarya har aka rufe shi. Kai ka san ni, saboda masu karantawa na faɗa. Alhaji, da kunya nake wannan rubutu, don bai dace mace mai shekaruna ta fito da maganar gida bainar jama'a ba. Na je gidanka, uwargidanka ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ce ka tafi Funtua. Na koma aka ce kana Katsina. Na bar saƙo wurin ƙaninka, har yau shiru. Ga shi hadari ya fara haɗuwa ta gabas, shi ya sa na kasa ƙara jira.

Na ɗaya, ginin kansa. Mu da muka rayu a cikinsa ba mu ɗauke shi wani abu ba, wurin aiki ne kawai. An gina shi ne a shekarun farko bayan samun 'yancin kai, da kankare zalla, babu ado ko kaɗan. Rufinsa ya karkato daga gefe biyu zuwa tsakiya, ruwan sama ya bi magudana ɗaya ya zuba cikin tankin da ke ƙarƙashin ƙasa. Da wannan ruwa muke wanke-wanke har tsakiyar rani. Bangon gabas da na yamma bulo ne mai huji-huji tun daga ƙasa har sama, ga doguwar baranda da ke tare rana. Ba mu da fanka, ba mu da janareto, amma ko a tsakiyar bazara mace mai naƙuda takan shigo tana gumi, kafin mu gama shimfiɗa mata ta ce a miƙo mata zane ta rufa. Da aka buɗe sabon asibiti a kan hanyar Malumfashi aka kwashe mu, aka sa wa ginin kwaɗo. Ban yi ƙorafi ba, don sabon ya fi shi kayan aiki.

Na biyu, abin da aka shirya bara. Kai da kanka ka aiko a kira ni taron da aka yi a makarantar firamare, ka ce ba za a bar ginin ya lalace ba, a kawo shawarar abin da za a mai da shi. A wurin ka gabatar mana da Malama Hadiza, mai zanen gine-gine daga Zariya, wadda ta zo da ɗalibanta. A gidana ta sauka. Kullum da safe nakan bi su, suna awo ina gaya musu abin da ake yi a kowane ɗaki. Ita ta fara sa na ji nauyin jahilcina game da wurin da na tsufa a cikinsa. Ta ce irin wannan gini ya yi ƙaranci a ƙasar nan, kuma a aji suna koyar da yadda masu shi suka sa iska da inuwa suka yi aikin da yanzu sai da lantarki. Ta shafa bangon nan kamar mai shafa kan jariri.

Zanen da ta kawo, duk kun gani kun yaba. Babban ɗakin kwanciya zai zama wurin da mata za su riƙa sarrafa waken suya da gyaɗa da kalwa, masu awara da ƙuli-ƙuli da daddawa, waɗanda yanzu ke fama a tsakar gida cikin hayaƙi da kaji. Ɗakin karɓar haihuwa zai zama ajin yaƙi da jahilci na matan aure. Za a yashe tanki a gyara magudana. Shaguna kuwa ta jera su a jikin katanga ta bakin titi, don kwamiti ya samu abin kula da wurin ba tare da an taɓa jikin ginin ba. Sharaɗinta ɗaya ne, ta kuma nanata shi a gabanka: kada a toshe hujin bangon nan.

A ƙarshen taron ka juyo ka ce, “Hajiya, ke mata ke jin maganarki, ki je ki gaya musu wurin ya zama nasu.” Na je. Na bi gida-gida, na hau babur zuwa ƙauyukan da ban taka ba tun ina aiki. Wasu mazan sun ƙi, sai da na zauna a zaure na lallashe su, na ce da sunana da mutuncina nake ba su tabbaci. Saboda ni ce na karɓi haihuwar 'ya'yansu suka yarda.

Na uku, abin da ya faru maimakon haka. Da kaka ta yi, sai muka ga mota ta tsaya a ƙofar ginin ana sauke buhunan masara. Aka ce na wani ɗan kasuwa ne, na ɗan lokaci. Masara ta fita, taki ya shiga. Bayan ƙaramar salla kuma sai ga magina sun fara liƙe hujin bangon gabas da siminti. Da na tambaye su, suka ce an gaya musu za a yanka babban ɗakin ne a fitar da shaguna a ciki. Ba a kira taro ba, ba a aiko mini ba, ba a sanar da Malama Hadiza ba. Magudanar rufi kuwa ba wanda ya kalle ta. Ta cika da ƙasa har ɗan itacen cediya ya tsiro a ciki. Ruwan bara ya kwanta a sama, ya ratsa kankaren, yanzu idan ka ɗaga kai a baranda kana ganin rodi ya fito ya yi tsatsa.

Malama Hadiza takan kira ni ta gaishe ni, ta tambayi inda aka kwana. Nakan ce mata ana nan ana shiri, in yi sauri in sako zancen yaranta. Matan nan kuma da farko duk inda muka haɗu, a gidan suna ko gidan rasuwa, sai sun ce Hajiya ina labarin wurinmu. Yanzu sun daina tambaya. Sukan gaishe ni da ladabi su wuce, kuma wallahi wannan ya fi mini ciwo. Akwai wadda ta sayar da tunkiyarta ta sayi babbar tukunya saboda maganata. Idan na hango ta a kasuwa, layin 'yan kayan miya nake bi in zagaye.

Na huɗu, shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san Sista Rifkatu, ko ka ji sunanta a bakin mahaifiyarka. Ita ce shugabarmu a ɗakin haihuwa, ita ta koya mini aiki. Kirista ce daga cikin iyalan da suka yi karatun mishan, kuma a tsawon zamanmu ita ke riƙe mini aiki ranar salla, ni in riƙe mata ranar Kirsimeti. Yanzu tana Kafur wurin ɗanta, idanunta sun tafi, sai dai ta bambance haske da duhu. Kwanan baya ta zo bikin jikar ƙanwarta, ta aiko a kira ni, ta ce ba ta son komai sai in kai ta ta ga ɗakinmu. Haka ta ce, ta gani. Ta ji labarin za a ba mata wurin, ta yi ta murna.

Na kawo mata uzuri iri-iri. Na ce rana ta yi, na ce ƙafarta, na ce a bari sai an gama gyara. Ta ce ita ba ta da tabbacin wani zuwan. Na riƙe hannunta muka tafi.

Tun daga bakin baranda zarni ya tare mu, don wurin ya zama makewayin 'yan kasuwa. Ƙofar gefe a buɗe take saboda magina, muka shiga. Ta saki hannuna ta kama bango tana bi, don ta fi ni sanin wurin. Ta wuce inda teburinta yake a dā, ta ce nan ne ma'aunin jarirai, nan ne muke dafa almakashi. Da ta kai bangon gabas ta sa yatsunta tana neman hujin, sai ta ji siminti. Ta matsa gaba, siminti. Ta tsaya ta ɗaga fuska kamar mai sauraron wani abu, sannan ta ce, “Asabe, wa ya toshe ma ɗakin nan hanci?”

Alhaji, na karɓi haihuwa mai wuya, na sha fita in gaya wa miji labarin da ba ya son ji, amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni da ke da ido, ina zaune a garin, aka yi wannan a gabana. Na tsaya ina kallon ƙasa kamar yarinyar da ta fasa tulu.

A hanyar komawa ta tambaye ni wane ne shugaban kwamitin. Na faɗi sunanka da na mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta. Sai ta yi dariya, ta ce ai ta tuna ka, kai ne ka zo da ƙafa ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ita ta juya ka ni ina riƙe da fitila. Ta ce, “To ai ɗanmu ne. Bai sani ba ne. Ki gaya masa, zai gyara.” Ka yi haƙuri da na faɗi wannan a fili. Na faɗa ne don ka san irin zaton da tsohuwar nan ta koma Kafur da shi a kanka.

Na biyar, ban ce kwamiti ba ya bukatar kuɗin shiga ba, kuma ban zargi kowa da cin amana ba, don ban gani ba. Na san masu neman shago suna matsa maka, su kuma suna da bakin da masu awara ba su da shi. Amma shagunan suna nan a zanen, a bakin titi, inda ma ciniki ya fi. Idan aka yanka cikin ginin aka liƙe bangonsa, abin da za a samu shi ne ɗakuna masu zafi da duhu irin waɗanda suka cika kasuwa, a ƙarƙashin rufin da ke yoyo. Shago ana gina shi ko yaushe. Wannan kuwa idan ya tafi, babu maginin da zai sake yi mana irinsa.

Don haka ina roƙonka abubuwa kaɗan. A dakatar da magina yau, a fasa simintin da aka liƙa tun bai kai ga bangon yamma ba. A sa a cire cediyar nan a yashe magudana kafin ruwan farko, don tun bara da suna awo Malama Hadiza ta ce rufin ba zai jure damina biyu a haka ba. A kwashe takin. A kira taro a fili, da matan da aka yi wa alkawari, a gaya musu gaskiya da bakin kwamiti: ko wurin nasu ne, ko an fasa. Idan an fasa, ka faɗa mini in sake hawa babur in bi gidajen nan in ba su haƙuri, na san yadda zan yi da fuskata. Ka kuma kira Malama Hadiza da kanka, don ni na gaji da yi mata kwana-kwana.

Abu na ƙarshe ba ya bukatar zaman kwamiti. Na yi magana da waɗanda har yanzu ke amsa kirana a cikin matan, sun yarda ranar Asabar mai zuwa da hantsi za mu je da tsintsiya da bokiti mu wanke barandar nan, ko wurin zai zama namu ko ba zai zama ba. A nan aka yanke wa rabin garin nan cibiya, bai kamata a bar shi yana zarni ba. Baranda a buɗe take, ba sai mun nemi izini ba. Amma muna so mu share ciki ma, ba ta ƙofar magina za mu bi ba, kuma makullin babbar ƙofa yana hannunka. Za mu zauna a bakin ƙofar mu jira ɗan aikenka har azahar.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka daga masu ba da muguwar shawara, ya sa ka gama da jama'a lafiya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Taka,
Hajiya Asabe, tsohuwar unguwarzoma.